Ninki Ashirin

Yayata ta fi shekara goma sha biyar tana sayar da tikitin jirgin sama. Ofishinsu yana ƙasan wani otel, tebur huɗu ne da katuwar taswirar duniya da rana ta ƙoɗar da launinta. Mutane kan shigo su tarar da tebur biyu babu kowa, amma su ja kujera su jira ta, don an san ba ta sayar maka da tikiti sai ta jera maka kamfani uku ko huɗu, ta nuna maka wanda ya haɗa da kuɗin kaya, da wanda in ka fasa tafiya ko sisi ba za a mayar maka ba. A gida ma haka take. Innarmu takan ce ko allura ka aike ta saye, sai ta zagaye kasuwa ta dawo maka da tarihin allurai.

Ni ce autar gidanmu, Yaya ce ta goya ni, ita ta fara kai ni makaranta. Yanzu ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mai kula da sigina. Tun ina ƙarama nake ce masa Mai Tuta, shi kuma tun da na kama aiki ya laƙaba mini Sauro, wai sana'ata zuƙar jinin bayin Allah. 'Ya'yansu biyu, babbar mace, ƙaramin namiji, suna zaune a gidan ma'aikata da ke bayan tasha.

Da mutane suka koyi sayen tikiti a wayoyinsu, tebur huɗu ya koma biyu, biyun ya koma ɗaya, ranar nan mai ofis ya kira ta ya ba ta kuɗin sallama yana ta ba ta haƙuri. Ta yi watanni tana yawon neman aiki. Ko'ina sai a duba takardunta a yaba, a kalli fuskarta, a ce za a kira ta.

Wani tsohon kwastomanta ne ya kawo maganar. Da can mai shagon magani ne, shi ya sa kowa ke ce masa Likita. Suka haɗu a layin banki, ya ce mata shi yanzu hannun jari yake juyawa a wani kamfani. Ya yi mata bayani dalla-dalla. Kamfanonin nan ba kuɗin kwastoma suke juyawa ba, nasu ne na kansu. Suna zaunar da mutum a gaban kwamfuta, ya sayi hannun jari da safe, ya sayar kafin a tashi kasuwa, a raba riba. Kai za ka ajiye wani abu naka a hannunsu, don in an yi asara daga naka za a fara cirewa. Su kuma su ba ka damar yin saye da kuɗin da ya ninka ajiyarka sau biyar, ko goma, ko ashirin. Wannan shi suke kira ninki. Kowane saye da kowace sayarwa kuma akwai kamashon da kamfani ke cira, ko ka ci ko ka faɗi.

Yaya ba ta yi gaggawa ba. Ta sayi littattafai, ta zauna ta yi karatu kamar 'yar makaranta, ta rubuta jarrabawar lasisi ta ci a karon farko. Sannan ta ce sai ta ga kamfani uku da idonta. Na ɗauki hutun kwana ɗaya na raka ta.

Na farko yana can saman wani dogon bene na gilas. Wata budurwa mai takalmi mai tsini ta karɓe mu. Su ba sa karɓar ajiya, su za su koyar da kai, su ba ka kuɗin juyawa kaɗan-kaɗan, amma rabin riba nasu ne. Yaya ta ce ta yarda da rabin. Budurwar ta juya takardar Yaya a hannunta, ta yi murmushi.

"Anti, gaskiya yawanci waɗanda suka gama jami'a bana muke ɗauka. Amma zan ajiye takardunki."

A cikin lif Yaya ta ce mini, "Auta, kin ji sabon sunana ko? Anti." Muka yi dariya, amma tata ba ta kai ciki ba.

Na biyu yana saman wani shagon tabarau. Ɗaki ɗaya ne mai taga biyu a buɗe, tebur shida, da butar shayi a kan firij. Mai wurin dattijo ne mai ƙaramin jiki, shi da kansa ya share mana kujera. Ninkinsa biyar ne, ba ya ƙarawa. Kamashonsa ya kusa ninka na kowa. Yana ba ka kashi saba'in na riba. Amma babu kuɗin tebur, kuma duk ranar da ka ga dama ka sanar da shi, bayan mako guda ka kwashi ajiyarka.

Yaya ta ce, "Baba, ai kamashon nan naka ya yi tsada."

Ya ce, "Ya yi, 'yata. Da shi nake biyan haya. Ni ba ni da wata ƙofar da kuɗi ke shigo mini ta baya, abin da kika gani shi ke nan."

"Ninkin fa? An ce wasu har ashirin suke bayarwa."

"Biyar ya ishi mutum ya ci abinci. Ashirin kuwa, in rana ta ɓaci, kafin ki kurɓi shayinki an gama."

Na uku shi ne na su Likita, a hawa na biyu bayan wani shagon kujeru. Manajan matashi ne, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Ninki ashirin. Kashi casa'in na riba naka. Kamasho rabin na dattijo, muddin cinikinka na wata ya kai wani adadi. In bai kai ba, farashin ya hau. Akwai kuɗin tebur da kuɗin manhaja duk wata. Ajiya kuma a kulle take har shekara guda, ba a taɓawa. Duk ya faɗi wannan da bakinsa, bai ɓoye komai ba.

"Da ruwan ciki akan ja na rijiya, Hajiya," in ji shi. "Ke ki kawo guga, mu muna da rijiyar."

Da yamma muka zauna a falon Yaya, ta ɗauko na'urar lissafi. Innarmu tana nan ta zo kwana biyu. Ta saurara ta saurara, can ta ce, "Ni dai ku faɗa mini, wannan abu ba caca ba ce?"

Yaya ta ce, "Inna, saye da sayarwa ne. Kamar mai sarin kaya, sai dai kayan ba a ganinsu."

"To, kayan da ba a gani, Allah Ya sa mu ga alherinsa."

Mai Tuta ya ce shi dattijon nan ya fi kwanta masa a rai, ko don butar shayin. Yaya ta nuna masa lissafi. In ta ci riba kaza a wata, abin da za ta kawo gida daga kamfanin su Likita ya kusa ninka na wajen dattijo, ko bayan an cire kuɗin tebur. Ta maimaita sau uku, amsa ɗaya take fitowa. Lissafinta babu kuskure a ciki, sai dai duk a kan watan da aka ci riba ta gina shi.

Na ce, "Yaya, wannan kullen na shekara ba shi ne tikitin nan da kike hana mutane saye ba? Wanda ba a mayar da kuɗinsa?"

Ta dube ni ta ce, "Na gani, Auta. Amma ni ba fasa tafiya zan yi ba."

Ta kai musu kuɗin sallamarta kusan duka.

Na sha zuwa ɗaukar ta in na tashi da wuri, don haka na san ɗakin. Dogo ne, tebur a jere layi uku, kowane da allon kwamfuta biyu. An liƙe tagogi da baƙar leda don kada rana ta haske allo, in kana ciki ba ka sanin ko hadari ya haɗu a waje. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, wai don injuna, har Yaya ta koma tafiya da rigar sanyi da safa a tsakiyar zafi. Babu mai magana da ƙarfi, sai ƙarar maɓallai da tsaki jefi-jefi. A ƙarshen ɗakin akwai wani ɗan keji na gilas inda mai lura da asara yake zama. Aikinsa shi ne in asarar mutum ta kai iyakar da aka sa masa, ya danna daga can ya sayar da duk abin da ke hannunsa, ba tare da ya tambaye shi ba. Mutum ne mai ladabi, mai gaisuwa, amma duk ɗakin Mahauci suke ce masa.

Teburin Yaya yana kusa da na Likita. Shi ya koya mata inda ake ɓoye abinci don kada manaja ya yi ƙorafin wari, da yadda ake gane wanda ya faɗi ta yadda yake tafiya banɗaki.

Watannin farko ba laifi. Wata ɗaya ta tashi babu ci babu faɗuwa, na biyu ta ɗan samu, na uku ta samu sosai har ta canja wa yara katifa, ta sayo wa Mai Tuta takalmin aiki. Ya riƙa taka shi a falo yana ce mini, "Sauro, ki zo ki koyi sana'a, ki bar jinin mutane ya huta." Abin da kawai ya dame ta shi ne adadin cinikin nan na wata. Don kamashonta ya zauna a kan araha, dole ta riƙa saye da sayarwa da yawa, har a ranakun da ita kanta ta san kasuwa ba ta da fuska. In ƙarshen wata ya matso adadin bai cika ba, sai ka ga duk ɗakin ana ta saye manya-manya don a cike.

A irin wannan ƙarshen watan ne abin ya same ta. Da hantsi ta sayi hannun jarin wani kamfanin jiragen ruwa, ta zuba abin da ya ninka ajiyarta sau goma, da niyyar ta sayar bayan 'yan mintuna. Kafin ta sayar, aka dakatar da cinikin wannan kamfani, wai ana jiran wata sanarwa. Ba saye, ba sayarwa. Ta danna, ta sake dannawa, allo bai motsa ba. Ta waiga ta dubi kejin gilas, Mahauci ya ɗaga mata hannuwa biyu, alamar shi ma babu abin da zai iya.

Daga baya ta gaya mini cewa a wannan zaman ta fahimci abin da ake nufi da jira. Ta ce tana jin sanyin ɗakin har cikin haƙoranta. Likita ya miƙo mata ruwa, ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba. Ta so ta tashi ta zaga, ta ji tsoron kada a buɗe tana tsaye.

Da aka buɗe bayan azahar, farashin ya sauka kashi shida cikin ɗari. Ba wata faɗuwar a zo a gani ba ce. Wanda ya saya da kuɗin aljihunsa zai yi tsaki ne ya ci gaba da harkarsa. Ita da ta ninka sau goma, kashi sittin na ajiyarta ne ya tafi. Mahauci ya yanke kafin ma ta kai hannu. Da aka tashi ya tsaya a bakin teburinta ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, aikin ke nan." Ta ce masa babu komai.

Washegari manaja ya kira ta. Ya jajanta mata, har ya sa aka kawo mata shayi. Sannan ya shimfiɗa mata hanya biyu. Ko ta ƙaro kuɗi ajiyarta ta koma yadda take, a bar mata ninkinta, amma sabon kuɗi sabon kulle ne, shekara za ta faro daga ranar. Ko kuma ta ci gaba da abin da ya rage, a rage mata ninki zuwa biyar.

"In kuma na ce na bari fa?"

"Ba mai hana ki, Hajiya. Sai dai ajiyar tana nan sai shekara ta cika. Teburin kuma da sunanki yake, kuɗinsa zai ci gaba da fita duk wata, ko kin zo ko ba ki zo ba. Yana cikin abin da muka sa wa hannu."

Ta san yana ciki. Ta karanta shi tun ranar farko, har ta ja masa layi.

Mai Tuta ya ce zai nemi rance a wurin aiki a cike mata. Ta ce ko alama, ba za ta sa shi a rami ɗaya da ita ba. Ta zaɓi ninki biyar. Nan ta gane gaba kura ce baya sayaki. Da ɗan abin da ya rage mata da ninki biyar, ko za ta kwana tana dannawa ba za ta cika adadin wata ba, don haka kamashonta ya hau har ya wuce na dattijon saman shagon tabarau, ga kuɗin tebur da na manhaja a kai. In ta yi ciniki da yawa, kamasho ya cinye ribar. In ta yi kaɗan, ribar ba ta biyan tebur. In ta zauna a gida, ajiyar na zagwanyewa ita kaɗai kamar sabulu a ruwa. Ta gwada zaman gidan na mako biyu, ta wanke labule, ta gyara kicin, ta kasa barci. Ta koma.

Sauran watannin shekarar nan, Yaya tana fita da safe ne don ta biya kuɗin kujerar da take zaune a kai. Ta zama gwana a ciniki ƙanana, ta daina kwaɗayin babbar riba, yawancin watanni takan fitar da kuɗin tebur har da ɗan canji. Amma gida ba ta kawo komai. Albashin Mai Tuta ne ke riƙe da su. Ta rame, idanunta suka fara ruwa saboda allo, ta rage magana. Matar da in ka tambaye ta farashin tikiti sai ka roƙe ta ta yi shiru, ta koma in an yi mata magana a falo sai an maimaita. Wata rana 'yarta tana ba ta labarin makaranta, na ga yatsan Yaya yana danna hannun kujera, tana kallon bango.

Likita ne ke ɗan sa ta dariya. Shi ya ƙara kuɗi sau biyu, kullensa ya sabunta sau biyu. Yakan ce su fursunoni ne masu biyan kuɗin ɗaki, kuma gidan yarin nasu ya fi na gwamnati tsari, don ko mai gadi babu. Ranar da ajiyarsa ta ƙare ƙarƙaf, ya kwashe kofinsa da matashin kujerarsa, ya bi tebur-tebur yana sallama.

"Hajiya, ni na gama wa'adina," in ji shi. "A wurin nan wanda kuɗinsa ya ƙare ne kaɗai ake saki da wuri. Ke naki laifin shi ne kin iya tattali."

Ya koma tsaron shagon maganin ƙaninsa. Na gan shi kwanaki, ya yi ƙiba.

Da shekara ta kusa cika, Yaya ta sake fita duba kamfanoni. Ta fara da dattijo. Ta tarar ana sauko da tebura ta matakala. Ya gane ta, ya ce mutanensa sun watse ɗaya bayan ɗaya sun bi araha da babban ninki, wanda ya rage ba ya biyan haya, shi ma zai koma wajen ɗansa ya huta. Sauran wuraren da ta je, mafi ƙarancin ajiyar da suke karɓa ta fi abin da ya rage mata nesa ba kusa ba. Akwai waɗanda ake yi daga gida ta intanet, ba ajiya, sai kuɗin gwaji. In ka ci gwajin su ba ka kuɗin juyawa. Ta biya sau ɗaya. Ta yi kwanaki tana kan hanya, rana ɗaya asararta ta ɗara iyakarsu da ɗan kaɗan, aka rufe, aka ce tana iya sake biya ta faro. Ba ta sake ba.

Manaja ya san duk wannan, don a harkar kowa ya san kowa. Ya kira ta ya ce ya daɗe yana lura da ita, bai taɓa ganin mai sanyin hannu irinta ba. Yana neman wanda zai riƙa koyar da sababbin shiga. Za a ɗauke mata kuɗin tebur, a ba ta ɗan albashi, kuma daga kamashon duk wanda ta koyar za a riƙa yanka mata wani abu. Yarjejeniyar shekara biyu ce, ajiyarta kuma ta ci gaba da zama a wajensu har ƙarshenta, in ta tafi kafin nan ta bar ta.

Ta zo har asibiti ta same ni da maganar. Muka zauna a benci a bakin ɗakin gwaji.

Na ce, "Yaya, ki karɓi abin da ya rage ki fito. Ko shago ne kya buɗe."

"Shagon me, Auta? Abin da ya rage ko hayar shago ta shekara ba zai biya ba. Shekara guda ina cin gumin mijina, ko sabulu ban saya ba. Wannan aƙalla albashi ne."

"Wani kullen ne fa."

"Na sani. Amma wannan ana biya na in zauna."

Mai Tuta ya ce duk abin da ta zaɓa yana bayanta. Ta sa hannu. Ba a yi wata biyu ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar mahaɗar layin dogo, tafiyar yini guda a jirgi. Ƙarin girma ne, babu damar ƙi. Gidan ma'aikata na bayan tasha dole a bar wa wanda zai gaje shi, can kuma an ba shi gida mai fili da makaranta a kusa. Yaya ta je wajen manaja, ya ce yana tausaya mata ƙwarai, amma yarjejeniya yarjejeniya ce. Suka zauna ita da mijinta suka yi ta juya maganar. A ƙarshe yara suka bi ubansu, ita kuma ta kwaso akwati biyu ta dawo ɗakina.

Yanzu tare muke. Gadona ɗaya ne, ita ta ce ta fi son katifa a ƙasa. Da safe ita ke riga ni tashi, ta goge kayanta da nawa, ta sa maganin ido, ta ɗauki rigar sanyinta.

Aikin koyarwar ya karɓe ta, don asali ita mai bayani ce. A rukunin farko da aka ba ta, ta tsaya a gaban allo ta zana musu komai: yadda ninki ke ninka asara daidai da yadda yake ninka riba, yadda araha ke sa mutum cinikin da bai yi niyya ba, yadda kuɗin tebur ba ya sanin ciwo ko hutu. Ta ce musu kafin su kawo ko sisi, su yi lissafin watan da za su faɗi, su ga ko za su iya ɗauka. Biyu daga cikinsu ba su dawo ba. Manaja ya kira ta ya rufe ƙofa.

"Hajiya, koyarwa na ɗauke ki, ba korar mutane ba. Duk abin da kika faɗa yana cikin takarda, kowa na iya karantawa. In sun tambaye ki, ki amsa. In ba su tambaya ba, ki koya musu danna maɓalli."

Tun daga nan takan gama darasi ta tsaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Babu mai tambaya a kan kuɗin tebur? Babu mai tambaya a kan kulle?" Wani lokaci a samu mai tambaya. Sau da yawa sai su yi dariya su ce sun karanta, su dai a nuna musu yadda ake samun ninki ashirin.

Abin da ya fi cin ta shi ne ƙarshen wata. Kasonta yana ƙaruwa ne in ɗalibanta sun yi ciniki da yawa. Watan da suka ji maganarta suka taka a hankali, abin da take samu ba ya wuce kuɗin mota da na makarantar yara. Watan da suka haukace da saye, sai ta ga kuɗi sun shigo. Akwai watan da ta samu fiye da kowane, a watan ne wani ɗalibinta, tsohon direban banki mai 'ya'ya huɗu, ya kwashe kofinsa ya tafi. Ta aika wa Mai Tuta kuɗin gaba ɗaya, ta ce ba ta son ganinsu. Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Duk ƙarshen mako na biyu takan hau jirgin ƙasa ta je ta ga yaran da ubansu. Matar ma'aikaci ce, ba ta biya. Takan isa da yamma, ta kwana ɗaya, ta juyo. Na bi ta sau ɗaya a watan jiya. Gidan yana da kyau, Mai Tuta ya shuka tumatir da barkono a bayan kicin, yana ta nuna mini yana cewa ko sauro a garin nan ya fi ni tarbiyya. Yaran sun yi tsawo. Babbar ta koyi girki, ita ke riƙe da gidan, ta san inda komai yake. Yaya ta shiga kicin za ta dafa ruwa, ta buɗe kabad uku ba ta ga ashana ba, sai da yarinyar ta zo ta ɗauko mata, ta ce, "Mama, ki je ki zauna ki huta, ni zan kawo miki."

Ta dawo falo ta zauna kusa da ni a kujerar baƙi. Aka kawo mana ruwa a tire da kofuna masu kyau. Mai Tuta ya tambaye ta saura wata nawa, ta faɗa masa. Ta ce manaja ya fara zancen sabuntawa, wai zai ƙara mata kaso. Ya ce a nan dai babu aikin da za ta samu, garin duka tasha ce da kasuwar mako, amma ko babu komai za su ci abin da ya samu. Ta ce makarantar babbar fa, da za ta shiga ta gaba baɗi? 

Ƙaramin yana kwance a ƙasa yana zane. Ya ɗago kai ya ce, "Mama, gobe da jirgin safe za ki koma gida, ko da na rana?"

Yaya ta ajiye kofin a hankali a kan tire. Ta ce, "Da na rana, Baba na."

Ya ce to, ya ci gaba da zanensa.